Injin huda na INGCO mai batir 20V: aikin da yake iyawa da wanda ya fi ƙarfinsa

Akwai ayyukan gida da ba su kai a kira kafinta ba, kuma guduma da ƙusa kaɗai ba sa yin su: rataya sandar labule, ɗaga ƙofar da ta sauka tana jan ƙasa, kafa kantar littattafai a bango, haɗa ɗan benci na zaure. Domin irin waɗannan ake sayen ƙaramin injin huda mai batir. Na kamfanin INGCO, ƙirar ƙasar Sin, mai launin rawaya da baƙi, yana cikin waɗanda ake yawan samu a shagunan kayan aiki. A katako da bulo da siririn ƙarfe injin nan ya ci kuɗinsa. A kankare kuwa ba shi da ta cewa. Yawancin laifin da ake ɗora masa ma ba nasa ba ne, na tsinken huda ne, ko na bulon, ko na zafin da aka bar batir a ciki.

A fara da lambar da ke jikinsa, domin tana ruɗar masu saye. Wannan 20V ɗin daidai yake da 18V da ake gani a jikin wasu injinan. A cikin batirin akwai ƙananan batura guda 5 a jere, kowanne yana ba da 3.6V yayin aiki, jimla 18V ke nan. Sai an cika caji ne yake kai 20V, kuma kamfanin wannan lambar ya zaɓa ya rubuta. Kada mai shago ya ce maka ya fi mai 18V ƙarfi saboda lamba. Abin dubawa shi ne Ah, wato yawan wutar da batir ke riƙewa. Mai 2.0Ah ya fi sauƙi a hannu, mai 4.0Ah ya ninka shi daɗewa amma yana da nauyi, kuma za ka ji nauyin idan kana huda sama da kafaɗarka. Batura biyu masu 2.0Ah sun fi guda mai 4.0Ah amfani a inda wuta ba ta da tabbas, domin ɗaya yana caji kana aiki da ɗaya. Batirin na jerin da kamfanin ke kira P20S ne, yana shiga sauran kayansa na 20V kamar injin gurza ƙarfe da zarto da fitila, saboda haka injin na biyu kana iya sayensa ba batir.

A injin kansa, iri biyu ne suka fi yawa, kuma a ido kusan ɗaya suke. Dubi zoben da ke bayan bakin injin. Idan lambobi ne kawai da hoton tsinke, na katako da ƙarfe ne. Idan akwai hoton guduma a ƙarshe, yana bugawa yayin da yake juyawa, shi ne mai shiga bango. Ga wanda gidansa na bulo ne, mai hoton guduma ya kamata ya saya ko da ya ɗan fi tsada, domin rabin aikin gida a bango yake. Bakin ma iri biyu ne, mai riƙe tsinke har milimita 10 da mai kai milimita 13. Na 10 ya ishi aikin gida.

A katako ne injin ya fi nuna kyansa. Giya biyu gare shi a bisa kansa: ta 1 a hankali da ƙarfi, don ɗaura sukuru, ta 2 da gudu, don huda. Kada a canza giya injin yana juyawa, haƙoran ciki ne ke cinyewa. Lambobin zoben nan kuwa su ne abin da sababbin hannu suka fi yin watsi da shi, alhali su ne suka bambanta injin da sukudireba. Kowace lamba iyakar ƙarfi ce. Da sukuru ya kai wannan iyaka sai injin ya yi ƙarar kar-kar-kar ya daina murɗawa. A fara da ƙaramar lamba kamar 5, a ƙara kaɗan-kaɗan har kan sukurun ya zauna daidai da fuskar katako. Wanda ya bar zoben a hoton tsinke yana ɗaura sukuru, ɗayan uku zai gani: kan sukurun ya nutse ya tsaga katako, ko bakinsa ya lalace ya ƙi fita, ko injin ya murɗe masa wuyan hannu.

Farin katako mai taushi yana karɓar sukuru ba gardama. Jan katako irin madaci ba ya yarda, ƙirya kuwa ta fi kowanne taurin kai. Dole a fara huda ƙaramin rami kafin sukuru. Idan kaurin sukurun milimita 4 ne, tsinke mai 2.5 ya yi a farin katako, mai 3 a ja. A ɗan goga sabulu ko kyandir a zaren sukurun, zai shiga kamar an kira shi. Kuma a nisanci baƙin sukurun nan na silin a katako mai tauri. An ƙera shi da tauri sosai, ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye a ciki, kuma fitar da guntun aiki ne ja. Wani abin da ke ɓata sukuru shi ne bakin ɗaurewa da bai dace ba. PH2 da PZ2 sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Sukurun PZ yana da ƙananan layuka huɗu tsakanin giciyen kansa. Idan aka sa masa PH2 zai riƙa zamewa yana cinye kan.

Bango kuwa sai an yi masa bayani a tsanake, domin a nan aka fi yin ɓarna. Bulon da ake gini da shi, mai inci 6 ko inci 9, yana da ramuka a ciki. Abin da fisha, wato robar da sukuru ke shiga, za ta kama shi ne filasta da 'yan santimitocin fatar bulon kawai, bayan nan fili ne. Idan an rage wa bulon siminti, kamar yadda ake yawan yi, bugun guduma yana farfasa fatar ta ciki, ramin ya yi faɗi, fisha ta riƙa juyawa tare da sukuru ba ta kama komai. Saboda haka a fara da hoton tsinke, ba bugu. Bulo mai taushi zai huje a haka, ramin ya fito tsaf. Sai idan tsinken ya tsaya yana juyawa a wuri ɗaya za a koma hoton guduma. Tsinken bango daban yake, yana da ɗan faffaɗan ƙarfe mai tauri a bakinsa. Girmansa ya zama daidai da fisha: tsinke 6 fisha 6, tsinke 8 fisha 8. Zurfin rami ya fi tsawon fisha da kamar santimita 1, kuma a naɗa ɗan salatif a jikin tsinken a matsayin alama. A hure ƙurar ramin kafin a sa fisha, fuska a gefe, domin ƙurar da ta zauna ita ke hana ta kamawa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: wayar wuta tana bin bango a miƙe, sama ko ƙasa da soket da makunni. Ba a huda a wannan layin. A banɗaki da kicin haka ma bututun ruwa yake bi daga famfo.

Ginin ƙasa ba ya riƙe fisha ko da an shafe shi da siminti. Wannan ba laifin inji ba ne. A irin wannan ɗaki kanta mai ƙafafu ta fi, wadda nauyinta ke kan ƙasa.

Idan tsinke ya shiga santimita ɗaya ko biyu ya tsaya cak, ƙura ta koma toka-toka, injin yana ɗaukar zafi, to an ci karo da kankare, wato linta ko fila ko dekin. A tsaya. Bugun wannan injin na wasu faranti biyu ne masu haƙora da ke zamewa a kan juna, girgiza ce mai sauri marar nauyi, ba ta fasa tsakuwar da ke cikin kankare. Aikin na injin SDS ne, wanda ke bugu da fistan. Dagewa sai ta ƙona bakin tsinke, ta kwashe batir, wani lokaci ta taɓa motar injin. Ramuka huɗu na labule a jikin linta, gara a ari SDS na rabin awa.

Aikin da ya fi gwada injin nan gaba ɗaya shi ne kantar bango, kuma shi ne aikin da ya dace mutum ya fara da shi. Falankin filawud faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. A nemi mai kaurin milimita 18, a sa masu injin yanka a kasuwar katako, kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, su fitar da guda 3 masu tsawon santimita 80 da faɗin 25. Yankan inji ya fi na zarton hannu miƙewa nesa ba kusa ba. Kowace kanta tana son maƙallan ƙarfe 2 masu kusurwa, guda 6 ke nan, da fisha mai milimita 8 a kowane ramin maƙalli, da sukuru mai kaurin 5 da ya fi fishar tsawo da kamar santimita 1, domin sai bakinsa ya fita ta ƙarshenta take buɗewa sosai. Tsakanin maƙallan kada ya wuce santimita 60, a bar 10 a kowane gefe. Littattafai suna da nauyi fiye da yadda ido ke nunawa, kuma tazara mai yawa ita ke sa kanta yin ciki bayan 'yan watanni. A kafa maƙalli ɗaya da sukurunsa na sama kawai, a ɗora katakon, a aza filam a kai, wato ma'aunin daidaito mai kumfa a ciki, wani ya riƙe, sannan a yi alamar na biyu. Wanda ya auna daga ƙasa da tef zai gaji karkatar daɓen ɗakin. Sukurun sama shi ne mai ɗaukar wahala, domin nauyi yana ƙoƙarin fizgo shi daga bango, na ƙasa kuwa dannawa kawai yake sha. Idan na sama bai kama ba, a matsar da maƙallin, kada a cusa ashana a ce ya yi. Sukurun haɗa katako da maƙalli ta ƙasa kada ya wuce milimita 16, in ba haka ba bakinsa zai leƙo ta sama. A goge gefuna da samfefa, a shafa fenti ko banish sau biyu. Caji guda na ƙaramin batir yana gama wannan a bangon bulo. Kuma kantar da mutum ya kafa da hannunsa, ya ga kumfar filam ta zauna a tsakiya, ba ya kallonta kamar ta saye. Baƙo ma idan ya tambayi wanda ya yi, amsar tana da daɗin faɗa.

Tayil yana hujewa idan aka bi shi a hankali: ba bugu, a manna salatif na takarda don kada tsinke ya zame, a yi amfani da tsinke mai bakin mashi, a riƙa ɗiga ruwa. Ƙarfe kuwa yana son giya ta 1, da ɗan mai, da alamar da aka fara bugawa da ƙusa. Gudu shi ke ƙona tsinken ƙarfe, yana yin shuɗi ya dakushe.

Inda injin ya gaza a karan kansa ba shi da yawa, amma akwai. Bakinsa da hannu ake ɗaurewa, kuma a aiki mai tauri tsinke mai zagayayyen gindi yakan zame a ciki. Maganinsa a ɗaure da ƙarfi injin yana tsaye, a sake dubawa bayan 'yan ramuka. Tsinkayen da ake haɗowa da su a akwati na fara aiki ne, ba su kai injin inganci ba. Araha ba ta ado: tsinken bango mai kyau guda biyu, 6 da 8, ya fi jaka guda ta marasa kyau. Samfuran da suka fi sauƙin kuɗi motarsu mai gawayi ce, wato mai ƙananan guntayen gawayi da ke gogar abin da ke juyawa a ciki don kai masa wuta, tana zafi idan aka matsa mata, kuma ƙura tana shiga ta ramukan iska. Ga mai aikin ƙarshen mako wannan ba damuwa ba ce, sai dai a huta masa idan jikinsa ya yi zafi, a kuma kakkaɓe ƙura, musamman da hunturu. Kafinta mai aiki kullum gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki marar gawayi.

Batirin shi ne abin da ya fi tsada a cikin akwatin, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. A watannin Maris zuwa Mayu, cikin mota a rufe ko shago mai rufin kwano yana rage masa kwana. Ba a caja shi yana da zafi daga aiki, a bari ya huce. Idan za a ajiye shi makonni, a cire shi daga injin da caji kamar rabi, a inuwa. Barinsa fanko tsawon watanni yana iya sa caja ta ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka kuma caja yake kashewa, gara a bi ta sitabilaiza.

A shago, a buɗe akwati a gaban mai kaya. Ana sayar da injin nan wani lokaci shi kaɗai ba batir ba caja, shi ya sa farashi biyu ke yin nisa da juna. A ƙirga batura, a karanta Ah a jikinsu ba a kwali ba, a gwada gaba da baya da giya biyun. Sannan a ɗaura dogon tsinke a juya shi a hankali ana kallon bakinsa. Idan yana rawa, a ce a kawo wani.