GCC 13 a Ubuntu 22.04: gina shi da kanka ko ɗauko shi daga PPA

Ɗan'uwa, ka ce kana son std::format na yaren C++ amma GCC 11, kompailar da ke haɗa shiri, da ya zo da Ubuntu 22.04 bai san shi ba, sai ka gina GCC 13.2 da kanka. Shirinka ya haɗu lafiya, amma da ka kunna shi ya ce "GLIBCXX_3.4.32 not found". Yanzu kana tambaya ko ka watsar da aikin ka koma PPA, wato ƙarin ma'ajiyar manhajojin Ubuntu inda za ka ɗauko wanda aka riga aka gina.

Kada ka watsar. Kompailarka lafiyarta ƙalau. Matsalar ba ta wajen haɗa shiri ba ce, ta lokacin kunna shi ce. Sabon g++, wato GCC na C++, ya ɗaure shirinka da sabuwar libstdc++, babban laburaren C++, amma da ka kunna, ld.so mai loda laburare ya je ya ɗauko tsohuwar da ke /usr/lib/x86_64-linux-gnu, wadda ta tsaya a GLIBCXX_3.4.30. Ka buga ldd a kan shirin, za ka ga daga inda ya ɗauko ta. Maganin layi ɗaya ne: ƙara -Wl,-rpath,/opt/gcc-13/lib64 wajen haɗawa, idan a /opt/gcc-13 ka girka GCC 13. LD_LIBRARY_PATH ma yana yi, sai dai ba na son sa, domin yana shafar duk shirin da ka kunna a wannan tamina. Idan za ka ba wani shirin, -static-libstdc++ ya fi.

PPA ɗin ubuntu-toolchain-r/test kuwa, cikin 'yan mintoci ka gama. Wannan kuskuren ma ba za ka gan shi ba, saboda yana sabunta libstdc++6 ta kwamfutar gaba ɗaya. A nan ne kuma haɗarinsa yake: shirin zai yi aiki a wurinka, ka kai shi wata Ubuntu 22.04 da ba ta da PPA ya ƙi tashi, kuma ka taɓa laburaren da kusan duk manhajojin C++ na kwamfutarka suka dogara da shi.

Ginawa da hannu tana cin lokaci, domin GCC yana gina kansa har sau uku don ya tabbatar da ingancinsa. Sai ka sauko da laburaren lissafi GMP, MPFR da MPC ta contrib/download_prerequisites, ka yi ginin a wata folda dabam, ka sa --disable-multilib, in ba haka ba ya tsaya yana neman gnu/stubs-32.h. Amma komai yana zaune a /opt, bai taɓa tsarin ba. Ranar da ka gaji da shi, ka goge foldar, shi ke nan. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, yawanci make yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Tunda ka riga ka sha wahalar ginin, ka zauna a kansa. Don Allah kada ka kwafi sabuwar libstdc++.so.6 ka danne ta /usr/lib da hannu, kada kuma ka mayar da GCC 13 babban gcc na tsarin, domin DKMS, mai gina direbobi irin na NVIDIA, da babban gcc ɗin yake aiki.

Idan daga baya ka ga "undefined reference to std::", wannan linka ne, mai ɗaure shiri da laburare, da kansa yake magana. Duba ko da gcc ka haɗa maimakon g++, sannan ka tabbatar duk -l sun zo bayan fayilolin .o, ba gabansu ba. Idan kuma babu abin da ya ɗaure ka da 22.04, Ubuntu 24.04 da GCC 13 take zuwa.