Rahotannin DHS da shafin STATcompiler: yadda na same su a wajen aiki

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da tsara harkokin lafiya a Najeriya ya san cewa kafin a saurare shi a wurin zaman kasafin kuɗi sai ya zo da alƙaluman da ba za a musanta ba, kuma a iya sanina babu inda ake samun irin waɗannan alƙaluma cikin sauƙi kamar shirin DHS, wato binciken yanayin al'umma da lafiyarsu da ake bi gida-gida ana yi. Shirin ya soma aiki a 1984 da kuɗin USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ya kuma gudana a ƙasashe sama da 90. A Najeriya an fara shi a 1990, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta gudanar da zagayen da suka biyo baya a 1999 da 2003 da 2008 da 2013 da 2018, sai na 2023 zuwa 2024. Na daɗe ina amfani da rahotanninsa da shafinsa na intanet mai suna STATcompiler, don haka zan faɗi abin da na gani.

Babban abin yabo shi ne an sauƙaƙa hanyar kai wa ga sakamakon, kuma kyauta ne. Cikakken rahoton littafi ne mai kauri wanda kwamishina ko ɗan majalisa ba zai zauna ya karanta ba, amma ana fitar da taƙaitaccen bayani mai ɗauke da taswira da zane. Shi kuwa STATcompiler, mutum zai zaɓi ƙasa, ya zaɓi abin da yake nema, kamar rigakafin yara ko haihuwa a asibiti, sannan ya nemi a rarraba masa alƙaluman bisa shiyya, ko birni da karkara, ko ilimin uwa, ko ƙarfin arzikin gida. Cikin 'yan mintoci jadawali zai fito, a sauke shi a kwamfuta. Saboda tambayoyin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, ana iya jera Najeriya da Nijar da Chadi a shafi guda, abin da ke da amfani ƙwarai ga masu aiki a garuruwan kan iyaka.

Ƙarfin binciken yana bayyana ne idan aka sauko matakin jiha. A zagayen 2018, wanda ya shiga gidaje sama da 40,000, an gano cewa yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar a ƙasar baki ɗaya, amma a Kebbi adadin ya kai 252, yayin da a Ogun ya tsaya a 30. Tsumburewar yara kashi 37 cikin 100 ce a ƙasa, amma kashi 66 a Kebbi. Yaran da suka samu dukkan alluran rigakafi na farko kashi 31 ne a ƙasa, kashi 76 a Anambra, kashi 5 kacal a Sakkwato. Matsakaicin adadi na ƙasa yana lulluɓe wannan rata, shi ya sa nake ganin taswirar jihohi ita ce shafi mafi daraja a rahoton. Sannan ba baki kawai ake tambaya ba: ana auna tsawo da nauyin yara, ana gwada jininsu don gano zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, har ma a 2018 an haɗa da gwajin amosanin jini.

Na taɓa gabatar da alƙaluman tsumburewa a wani zama da hakimi da dagatansa. Da na ce kashi sittin da wani abu cikin ɗari, kowa ya gyaɗa kai cikin ladabi, amma na lura maganar ba ta shiga ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka tsayar da yara uku a ƙofar fadar nan, biyu daga cikinsu tsawonsu bai kai na shekarunsu ba." Hakimin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni, "To, Malam, a ƙasata kuma yaya abin yake?" Ban iya ba shi amsa daga rahoton ba, domin an tsara binciken ne ya ba da sakamako na ƙasa da shiyya da jiha, ba na ƙananan hukumomi 774 ba. Wannan ba sakaci ba ne, iyakar yawan gidajen da aka zaɓa ke nan, amma dole mai amfani da rahoton ya san da ita, ya cike giɓin da rajistar asibitocin yankinsa.

Akwai wasu iyakoki biyu. Tazarar kimanin shekara biyar tsakanin zagaye da zagaye tana nufin gwamna zai iya kammala wa'adinsa na farko ba tare da sabon sakamako ba. Harshe kuma ya fi damuna, domin an yi wa mata tambayoyin da Hausa a cikin gidajensu, amma rahoton Najeriya da Turanci yake fitowa, na Nijar da Faransanci. Ungozoma da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da limamin da ake roƙo ya yi huɗuba kan rigakafi su ne za su sauya waɗannan alƙaluma, kuma sun cancanci ko da shafi biyu ne da harshensu.

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin shirin, abin da ya nuna haɗarin dogaro da aljihun wani a kan aiki mai muhimmanci haka. Tun lokacin na sauke rahotannin Najeriya da na Nijar na adana a kwamfutata, kuma ina shawartar duk jami'in tsare-tsare na jiha ko ƙaramar hukuma ya yi haka, ya fara da taswirar jiharsa da babin lafiyar yara.