Hoton sikana da muka yi wa Baba a Yamai

Mun taso daga Tawa da Baba bayan ya yi wata uku yana tari da jini. Shekarun baya ya yi tarin fuka, ya sha magani wata 6 ya warke, amma ciwon ya bar masa kogo a saman huhun dama, funfuna ta dunƙule a ciki. Likitan tiyata ya ce sai an cire sashen, kuma ba zai sa wuƙa ba sai ya ga hoton sikana irin wanda ake juyawa ta kowane gefe. Shi ya tura mu wata kilinik mai zaman kanta.

Ranar karɓar sakamako na ɗauka ambulan za a miƙo mana ta taga. Sai likitar hoton, wata matashiya, ta ce a shigo da Baba. Ta ba shi kujera, ta juyo da allon kwamfuta, ga huhunsa yana juyi, hanyoyin iska da launinsu, jijiyoyin jini da nasu. Ta ce huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu. Maƙogwaro kan sauka ya rabu biyu, daga reshen dama ne hanyar sashen sama ke fita. Ta Baba kuwa tun daga jikin maƙogwaro ta ɓalle, sama da mararrabar. Sannan wata jijiya mai kwashe jini daga sashen nan ta zagaya ta bayan hanyar iska, inda likita ba ya tsammanin cin karo da ita. In bai sani ba, yana iya tsinka ta yana tsakar aiki, jini ya ɓalle. Shi ma mai sa barci, tiyon da yake zurawa a maƙogwaro na iya toshe bakin wannan reshe.

Gabana ya faɗi. Ita kuwa ta dubi tsoho ta ce, "Baba, da shi aka haife ka, ba cuta ba ce. Tumaki da shanu duk haka nasu yake." Baba mahauci ne, a fawa ya tsufa. Ya matso da fuska kusa da allon, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗiyata, ai wanga reshe na san shi, kullum hannuna na bisa gare shi." Mutumin da tun daga Ƙwanni har Doso yake cewa a mai da shi gida, a wurin ya yarda a yi aikin. Daga baya na ji cewa a littattafan likitanci da sunan alade ake kiran wannan reshe. Ta sani sarai, ta zaɓi ta ce masa rago. Allah Ya saka mata da alheri.

Sai dai in na tuna ranar farko raina ɓaci yake yi. Tun asuba muke layi, sai wajen azahar aka ce ina takardar gwajin ƙoda, wai ba a yin allurar da ke haska jijiyoyi sai da ita. Gaskiya ne, amma me ya hana a faɗa mana lokacin da aka karɓi kuɗinmu? Kwana biyu muka ƙara a Bukoki wajen gwaggona, tsoho yana tofar da jini. Mai karɓar baƙi ta yi ta daka masa tsawa da Faransanci, alhali da kunnena na ji ta tana Hausa a waya.

Faifan da suka ba mu ma ƙin buɗewa ya yi a kwamfutar likitan tiyata. Na koma a kabu-kabu cikin rana, suka ce sai na sake biya kafin a kwafa mini. Kuskurensu, aljihuna.

An yi aikin, likita ya tarar da jijiyar daidai inda likitar hoton ta nuna, Baba yana Tawa yana samun sauƙi. Wanda zai je ya riƙe takardar ƙoda a hannu, kuma ya sa a buɗe faifan a gabansa kafin ya fita. Rasidin kuɗin kwafin nan har yau ba su ba ni ba.