Fitilar ɗaukar hoton mutane: wacce ya kamata ka fara saya?

Duk mai ɗaukar hoto ya san irin hoton da filashar kan kyamara ke fitarwa: goshi na ƙyalli, fuska ta baje, ga baƙar inuwa manne da bango a bayan mutum. Da yawa sukan ɗauka maganin abin shi ne fitila mai tsada, alhali matsalar tana ga inda hasken yake fitowa. Muddin yana tahowa daga daidai inda lens ke kallo, ba zai bar inuwar da za ta fito da tudun kunci da siffar hanci ba. Ka cire filashar, ka ɗora ta a kan sanda a gefe guda, ta ɗan ɗara kan mutum tsayi, nan take hoton zai canza. Don haka kafin ka shiga kasuwa ka fara sanin inda za ka fi yin aiki: cikin shago, ɗakin taron biki, ko waje cikin rana? Amsar ita ce za ta zaɓa maka fitila.

Mafi arha ita ce ƙaramar filasha mai batir, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560 IV. Batir AA guda 4 suke ci, kuma da hannu ake saita ƙarfinsu, daga cikakken ƙarfi zuwa rabi, zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, har ƙasa. Ni a wurina wannan saitin hannun alheri ne ga mai koyo, domin idan hoto ya yi duhu ko ya ƙone, ka san abin da ka taɓa. Masu tsarin TTL, irin Godox V860III, suna auna hasken da kansu, abin da ke ceton mutum a wurin kamu ko dina inda amarya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ga batirin V860III na lithiyam da kan yi walƙiya fiye da 400 a cikakken ƙarfi. Sai dai ƙaramar filasha ƙarama ce. Idan ka matsa mata da cikakken ƙarfi a jere sai ta yi zafi ta fara jinkiri, kuma da tsakar rana ba ta iya karawa da hasken rana da zarar ka sa ta cikin sofbos, wato akwatin yadi mai tausasa haske. A cikin ɗaki kuwa, ga mutum ɗaya ko biyu, ta isa har ta yi saura.

Sai fitilar situdiyo mai jona wa wuta, irin SK400II ko MS300 na Godox. Ana auna ƙarfinsu da Ws, ma'aunin ƙarfin walƙiya, ta farko 400 ta biyu 300, yayin da ƙaramar filasha ba ta kai 100 ba. Idan ka kwatanta ƙarfi da farashi, babu wadda ta kai su sauƙi. Suna kuma da ƙwan da ke ci gaba da haske, wanda ke nuna maka inda inuwa za ta sauka tun kafin ka danna. Wannan babban malami ne. Amma a ƙasarmu sai an yi tunani biyu. Fitilar nan ba ta da batir, da an ɗauke wuta aiki ya tsaya, kuma wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka tana iya illata ta, don haka ka sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi. Idan kuma ta hannu za ka saya, ka duba bayanta da kyau. Wutar Najeriya 230V ce, ta Amurka kuwa 120V, kuma wasu fitilun kowace ƙasa da nata samfurin. Ka jona ta Amurka kai tsaye, shi ke nan ta lalace.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fitila mai ƙarfi da batir a jikinta, kuma a nan nake ganin kuɗin yawancin masu aikin biki ya fi dacewa ya tafi. Godox AD200Pro tana da 200Ws, ba ta cin wuri a jaka, tana zuwa da kai biyu, ɗaya irin na filasha ɗaya buɗaɗɗen ƙwai mai cika sofbos da haske sosai. AD600Pro ta ninka ta uku a ƙarfi, ita ce ta hoton waje da rana tsaka, amma nauyinta ya kai kilo 3, sai da sanda mai ƙarfi da mai riƙe maka. Kada lambobin su ruɗe ka. Ninka Ws sau biyu mataki ɗaya kacal yake ƙara wa haske, wato daga f/5.6 zuwa f/8 a ma'aunin buɗewar lens. Matso da fitila kusa ya fi haka tasiri: ka rage nisanta da rabi, hasken da ke sauka a fuska ya ninka huɗu, kyauta. Profoto ta ƙasar Suwidin kuwa, kayanta na da inganci, launin haskenta ba ya yawo, amma mai koyo ba shi da dalilin fara ta nan.

Fitilar LED mai ci gaba da haske tana da kyau ga wanda ke haɗa hoto da bidiyo, abin da ka gani shi za ka samu. Ga hoton tsaye dai ba ta kai filasha ƙarfi ba, tana sa mutane runtse ido, kuma ba ta tsayar da motsi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tiriga, ƙaramar na'urar da ke hawa kan kyamara tana ba fitila umarni ta rediyo. Ita ce ke ɗaure ka da kamfani guda, domin kowanne da yarensa. Idan ka fara da X2T ko XPro na Godox, duk fitilun da na ambata na kamfanin za su amsa mata, daga TT600 har AD600Pro, ba sai ka watsar da na farko ba idan ka girma. Ka lura da harafin ƙarshe: C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm. Masu Canon 2000D, 4000D da 250D su ƙara kula, domin an fitar da waɗannan kyamarori babu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, wanda tirigogi masu arha suka dogara da shi. Ka tafi da kyamararka shagon, a gwada a gabanka. Ka kuma tambayi ko tirigar da fitilar suna yin HSS, wato tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da shata mai sauri. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da filasha idan saurin shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, sai baƙin layi ya yanke hoton. HSS na ba ka damar kaiwa 1/8000, amma yana cinye ƙarfin fitila sosai.

Yanzu abin da za ka sa a gaban fitilar, wanda a gaskiya shi ne ke yin hoton. Laushin haske ya dogara da girman abin da yake fitowa daga gare shi da kuma kusancinsa da mutum. Ga baƙar fata wannan ya fi komai muhimmanci, saboda fatarmu tana mayar da siffar fitila kamar madubi: ƙaramar fitila ta bar ɗigon ƙyalli mai zafi a goshi, babba kuwa ta shimfiɗa sheƙi mai kyau daga goshi zuwa kunci. Haka abin yake ga shadda mai maiƙo da leshi mai duwatsu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙara ƙarfin fitila don wai a haska fuska, sai farar babbar riga ta ƙone fuskar kuma ta yi toka-toka. Girma ake nema. Farar lema ita ce mafi arha, haskenta na da laushi, amma tana watsa shi ko'ina, kuma a waje iskar hunturu na kifar da ita tare da fitilarka. Sofbos mai kusurwa takwas, mai faɗin santimita 90 zuwa 120, ya fi kame haske, ya fi jure iska. Ka nemi mai baki irin na Bowens, wanda yawancin kamfanoni ke bi. Ƙaramar filasha da AD200Pro suna shiga sofbos ɗin ta wani mariƙi mai suna S2. Sandar fitila kuwa kada ka yi mata rowa, ka kuma ɗinka jakar yashi ka danne ƙafarta.

Ga mai ƙaramin jari, shawarata ita ce TT600 ɗaya, tiriga, sanda mai ƙarfi, sofbos da faifan mayar da haske. Wanda ya riga ya fara karɓar aikin biki ya daure ya tara kuɗin AD200Pro. Mai shago da tsayayyiyar wuta ko sola ya ɗauki ta jonawa. Ko wacce ka zaɓa, ka tsaya a kan fitila ɗaya tukuna. Ka ajiye ta a kusurwar digiri 45 daga mutum, ka ɗaga ta har sai ɗan haske mai kusurwa uku ya fito a kuncin da ke cikin inuwa, salon da ake kira da sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan. Idan mutumin na sanye da rawani ko babban ɗauri, ka sauke fitilar ƙasa kaɗan har ka ga ɗigon haske a cikin idanunsa.