Shamfun "karnuka masu cunkoson gashi" da ya bar wa karena miki a wuya

Abin da ya ja ni na sayi wannan shamfu shi ne rubutun da ke jikin robarsa. Wai an haɗa shi musamman domin karnuka masu cunkoson gashi, kuma wai shamfu ne da man laushin gashi a haɗe, wanka ɗaya ya wadatar. Duk mai kiwon German Shepherd, balle mai dogon gashi irin nawa, ya san daɗin wannan alkawari. Wankan irin wannan kare aiki ne na mai ƙarfin baya, don haka duk abin da zai rage mini cuɗa da ɗauraya sau biyu, hannu bibbiyu zan karɓe shi. Ban yi ƙyashin kuɗinsa ba, ko da yake kun san yadda ake tsawwala wa irin waɗannan kaya.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan kare ba, gashinsa hawa biyu ne. Akwai na waje, dogo mai ɗan kauri, wanda ruwa ke zamewa a kansa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani gajere mai laushi kamar auduga, a cunkushe har sai ka buɗa da yatsu kafin ka ga fata. Haka karnuka irin su Haski suke, haka Malamut da Samoyed da Chow Chow. Wannan na ƙasan shi ne ke shan ruwa ya riƙe, kuma duk abin da ka zuba wa karen, can yake zuwa ya maƙale. Saboda haka duk shamfun da ya ce na irin waɗannan karnuka ne, abu na farko da ake nema a gare shi shi ne ya fita da sauƙi in an ɗauraye. Wannan kuwa a nan ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Na taje karen tas kafin ruwa ya taɓa shi, kamar yadda na saba, domin gashin da ya cukurkuɗe in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake yi. Na jiƙa shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi har ƙasan gashi. Umarnin da ke jikin robar layi biyu ne kacal: a zuba, a cuɗa, a ɗauraye. Shi na bi. Ko da na matsa shi a tafin hannu, sai na ga abu mai kauri da yauƙi, ba ya ko gudana. Na shafa a bayan karen, ya tsaya cak a wurin da na sa shi, ya ƙi bazuwa. Dole na riƙa ƙarawa a wuya, a ƙirji, a cinyoyi, a gindin wutsiya. Kumfa kuwa ba a magana, ta yi tsiri har ta rufe kare.

Ɗauraya ita ce ta gwada mini ko wane ne shi. Na sakar masa ruwa, kumfar sama ta tafi, amma duk inda na cusa yatsu sai in ji santsi. Na sake, na kuma sakewa, har bayana ya ƙage, karen ya gaji da tsayuwa ya fara neman hanyar gudu. Sai da na ga ruwan da ke zuba daga jikinsa ya yi garau sannan na tsaya. Na tsane shi da tawul, na bi shi da handiraya a kan iska marar zafi, na sake taje shi. Gaskiya a ranar ya yi kyau. Gashin bayansa na sheƙi, wutsiya ta buɗe, ƙamshi ya cika gida. Har na ɗauki waya da niyyar ba masu sayar da shi taurari biyar na yabo, wani abu ya ɗauke mini hankali.

Bayan 'yan kwanaki ya fara susa. Kare da susa ba baƙon abu ba ne, na duba ko ƙuma ce ko kaska, ban ga komai ba. Amma susar wuri ɗaya ce, gefen wuya, ƙasan kunne, inda gashi ya fi cunkushewa. Da ƙafar baya yake dukan wurin har sai ya yi ƙara. Da dare ina jin ƙarar sarƙar wuyansa, ya kasa barci, ni ma na kasa. Da safe na kai hannu zan shafa shi, sai wannan kare da bai taɓa ko yamutsa mini fuska ba ya kauce yana gurnani. Na lallashe shi na buɗa gashin. Wallahi sai da cikina ya juya. Fata ta yi jajir, ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa, faɗinta ya kai tafin hannuna, gashin kewaye duk ya manne da wani abu mai danƙo. Daga sama kuwa babu alamar komai. Gashin waje na nan lumbu-lumbu yana sheƙi ya rufe ɓarnar.

Likitar dabbobi da ta duba shi ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, "Malam, yaushe rabonsa da wanka, kuma da me ka wanke shi?" Na miƙa mata robar. Ta ɗiga kaɗan a yatsa ta murza, ta sa a ƙarƙashin famfo, ta nuna mini yadda santsin ya ƙi barin hannunta. Bayaninta shi ne, irin wannan miki yakan taso ne in danshi ya kwanta a ƙarƙashin gashi mai kauri, ko wani abu ya tsaya a kan fata yana sa ƙaiƙayi. Kare ya sosa, fata ta ƙuje, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatarsa lami lafiya su samu ƙofa. Zafin jikin kare kuma yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, ya ɗara na mutum, to ga ɗumi ga laima ga rufi, cikin awoyi kaɗan ƙaramin wuri sai ya zama babba. Ta ƙara da cewa fatar kare ta fi ta mutum rashin kauri, shi ya sa abin da mu za mu shafa mu kwana lafiya, shi sai ya ƙone shi.

Aka aske wurin da kewayensa domin iska ta samu shiga, aka wanke da ruwan magani mai chlorhexidine, aka ba shi na sha da na shafawa, aka ɗaura masa faffaɗar kwalar roba. Da yake mikin a wuya yake, kwalar ma sai da aka yi dabara kafin ta zauna ba ta goge shi ba, kuma sai da na riƙa sa masa safa a ƙafar baya don kada farce ya sake buɗe wurin. Ganin babban kare mai kwarjini yana karo da ƙofa, ya kasa kai baki ga kwanonsa sai na ɗaga masa, wannan ya tsaya mini a rai fiye da kuɗin maganin. Kuɗin maganin kuma ya ninka na shamfun ba sau ɗaya ba.

Na rubuta wa masu sayar da shi, na haɗa da hotuna. Amsar da ta zo ita ce ta ƙara tunzura ni. Wai, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, gashin karenka ne ya yi yawa, ka aske shi duka zai fi samun sauƙi." Mutanen da suka rubuta a jikin kayansu cewa domin masu cunkoson gashi aka yi shi, su ne ke cewa gashi ya yi yawa. Kuma shawarar kanta cutarwa ce. Ba a yi wa kare mai gashi hawa biyu aski ƙwal sai in magani ya tilasta. Gashin waje shi ke kare fatarsa daga rana da cizon ƙwari, kuma in aka aske, na ƙasa ne ke rigan na waje tsirowa, sai gashin ya fito a hargitse, wani lokaci ma ba ya komawa yadda yake. Wanda bai san wannan ba, ban ga dalilin da zai sa ya sayar wa mutane kayan wankan kare ba.

To amma zan faɗi gaskiya ko da raina a ɓace yake. Bayan wurin ya warke, likitar ta ce in ina so in gwada shi kuma, in sirka shi da ruwa sosai kafin ya taɓa jikin karen. Na samu wata roba daban, na zuba shamfu ma'auni ɗaya, ruwa kamar biyar, na girgiza. Abin mamaki, sai ya zama wani abu dabam. Ya ratsa har fata ba tare da na yi ta dannawa ba, kumfar daidai, ɗaurayar kuma ba ta kai rabin wahalar farko ba. Lokacin ya dace da zubar gashinsa, wadda irin waɗannan karnuka kan yi mai yawa kamar sau biyu a shekara, kuma ban taɓa ganin abin da ya kwance mataccen gashi irin wannan ba. Mataji shiga yake yi ya fito da dunƙule-dunƙule ba tare da karen ya ko motsa ba, alhali a da sai mun yi kokawa a wajen cinyoyi da bayan kunne. Na bi wuya da hammata da gindin wutsiya da iska har sai da na cusa yatsu na ji fata a bushe ƙarau. Babu susa, babu amosani, kuma gashin da ke bin kujeru da tufafi ya ragu ƙwarai. A makon nan har na ce a raina, ashe kaya ne mai kyau, rubutun jikinsa ne ya cuce shi.

Sai dai duk lokacin da na buɗe murfin, ƙamshin nan ya bugi hancina, sai ɓacin ran ya dawo sabo. Domin da na zauna na yi tunani, turaren nan ne ya hana ni gane mikin da wuri. Irin wannan miki yana da ƙarni, kuma ni mai yawan shafa karena ne, da na ji shi tun yana ɗan ƙarami. Amma an cika shamfun da turare mai naci, wanda ke kwana da kwanaki a gashi, ya danne duk wani wari da zai faɗakar da mutum. Wa aka yi wa wannan turaren? Ba kare ba dai. Hancin kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba, kuma ko bayan na sirka shi, da an gama wanka sai ya yi ta atishawa, ya ruga ya yi birgima a ƙasa yana goga wuya, yana neman ya rabu da shi. An yi turaren ne don mai saye ya sunsuna ya ji daɗi ya biya.

Na kuma koma na karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, na tarar rabinsa kwana-kwana ne. "Tsirrai na asali" da "mai masu ƙamshi", ba a faɗi ko waɗanne ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikin man tsirrai akwai masu illa ga kare, kamar man tea tree in ya yi yawa, kuma kare lasar jikinsa yake yi. Sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, ya dace da fatar kare, amma babu lamba. Na san fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare kuma ta fi kusa da 7, shi ya sa ma ba a wanke kare da shamfun mutane. To in da gaske sun auna, me ya hana su rubuta? Ba su kuma ce komai ba a kan wanda ya ɗiga wa karensa maganin ƙuma a ƙeya, alhali yawancin irin waɗannan magunguna ana so a bar kwana biyu kafin ruwa ya taɓa kare. Kan famfon robar ma bai yi ƙarko ba, kaurin shamfun ya toshe shi, yanzu sai na kwance murfi nake tsiyayowa.

Wanda karensa ke da gajeren gashi wataƙila ba zai taɓa ganin abin da na gani ba, don haka ban yi mamakin masu yabonsa ba. Amma ba su aka ce an yi wa shi ba. Mai Haski ko German Shepherd da ya riga ya saya, kada ya kuskura ya zuba shi kai tsaye. Ya sirka, ya ɗauraye har bayan ruwa ya yi garau ya ƙara, ya kuma tabbatar ƙasan gashi ya bushe, ba saman kawai ba. Kuma irin wannan kare ba ya buƙatar wanka kowane mako, taza a kai a kai ta fi yi masa amfani, wanka kuwa kamar sau ɗaya a wata ko ma a fi haka jimawa, sai in ya yi birgima cikin ƙazanta ko likita ya ce a yi.

Ni dai na koma wani marar turare, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta yadda ake sirka shi ƙarara a bayansa. Bai kai wannan kwance mataccen gashi ba, na yarda, kuma ragowar wannan ɗin na ajiye ta sai lokacin zubar gashi in ya zagayo, in zuciyata ta bari. Taurari biyu na ba su. Wurin da aka aske a wuyan karen har yanzu bai cike daidai da sauran ba, kuma saƙo na biyu da na tura musu, inda na roƙi su ƙara layi ɗaya a jikin robar cewa a sirka da ruwa, sun buɗe shi ba su amsa ba.