Ƙaramar na'urar sikanin a kan ƙurjin dubura: ta burge ni, amma akwai gyara

'Yan uwa masu aikin gaggawa a Kumasi, kun san ƙaramar na'urar sikanin nan da ake jona wa wayar hannu, kun san kuɗinta. Inda ta ba ni mamaki shi ne a kan irin majinyacin da ke zuwa daga Aboabo ko Asawase ya kasa zama, an ɗura masa maganin basir a gida har an gaji, ga shi ba ya yarda a sa yatsa saboda zafi.

A kwantar da shi ta gefen hagu, gwiwa a ƙirji. A zuba jel cikin safar hannu, a sa kan na'urar a ciki, a ƙara jel a waje. Saitin fata ake zaɓa, megahaz (ma'aunin mitar sautin na'urar) 10 zuwa 12, zurfi santimita 3 ko 4, a duba da kan na'urar a tsaye da kuma a kwance, kewayen dubura duka. Ƙurji baƙin rami yake fitowa, ƙasansa da haske. Ka danna a hankali, za ka ga mugunya tana juyawa. Kunna Doppler, saitin da ke nuna gudun jini: jini a gefe, babu a tsakiya. In kumburin nama ne kawai, sai ya yi kama da daɓen duwatsu, ba abin tsagawa. Kuma kafin ka ɗauki wuƙa ka riga ka auna nisan ramin daga fata. A nan kam, wallahi ta biya kuɗinta.

Sai dai zafi take yi da wuri, ta tsaya ana tsakiyar aiki, mutum na kwance a buɗe kana jiran ta huce. Abin kunya ne.

Babban ƙorafina ma zurfi ne. Ƙurjin da ya haye can sama da tsokar ƙugu ba ta kama shi da kyau, ko ka koma saitin ciki na megahaz 2 zuwa 5. Mai ciwon suga da zazzaɓi da zafin dubura, allo bai nuna komai ba, kada a sallame shi; hoton CT ko MRI na babbar na'ura yake buƙata, ko likitan tiyata ya duba shi bayan an sa shi barci, a tura shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye. In kuwa ka ga fararen ɗigo masu inuwa dishi-dishi, iska ce a nama, ruɓewar Fournier ke nan, ruɓewar nama mai saurin yaɗuwa a kewayen dubura da al'aura. Ajiye na'urar, kira tiyata.