Gargaɗi ga sababbin ɗaliban wayarin a Sakkwato: hattara da filayar "1000V" da ake talla a WhatsApp

Assalamu alaikum ƙannena masu shigowa sana'ar wutar lantarki, da ku da ke makarantun fasaha na Farfaru da Runjin Sambo da kwalejin Umaru Ali Shinkafi, da ku da iyaye suka damƙa wa maigida a shago. Don Allah ku karanta, ku tura wa 'yan ajinku.

Akwai wani mutum da ke kutsawa cikin zaurukan WhatsApp na ɗalibai da shafukan Facebook yana tallar abin da ya kira cikakkun kayan ɗalibi: filaya, testa, sukudireba da tef. Ba shi da shago, lambar wayarsa kuma canzawa take yi. Filayar ce tarkonsa. Zai sa hoton babbar filaya mai mariƙi ja da rawaya, an buga mata sunan Knipex ko Klein, manyan kamfanonin ƙera filaya, ga 1000V a jiki ɓaro-ɓaro, wato wai tana kare hannu daga wutar da ta kai bolt 1,000. Ya ce kayan Jamus ne, saura 'yan kaɗan, wanda bai tura kuɗi yau ba ya rasa. Farashin da yake faɗa ko kusa da na gaskiyar bai kai ba, kuma ya san lokacin da yake fitowa, daidai sanda malamai suka ba sababbin ɗalibai jerin kayan da za su saya.

Wasu sun tura kuɗi, ya toshe lambarsu, shi ke nan. Na tausaya musu, amma ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba. Waɗanda ya aiko wa kayan ta hannun direba a tasha su ne nake jin tsoro a kansu, domin yanzu suna yawo da jabu a jaka, zuciyarsu kwance cewa suna da kariya.

Na riƙe irin filayar da hannuna, wadda wani yaro ya kawo shago yana murna. Mariƙin roba ce siririya da aka zura wa ƙarfe, da ka murɗa sai ta juya. Rubutun fenti ne, farce ma yana kankare shi. Muka yanka wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5mm² da ita, sai ta tauna wayar maimakon ta datse, bakin ya yi gibi nan take. Irin wannan robar, zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40 zai saki jikinta, hunturu ya zo ya busar da ita ta tsage. Tsagar da ido ba ya gani ta ishi wuta hanya, balle hannu yana jiƙe da gumi.

Maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce wadda yake rubutawa a ƙarƙashin hoton, wai da wannan filaya ko da wuta a layi kama abinka kawai. Wallahi wannan magana tana iya kai yaro kabari. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tsakanin layi da layi a mai layi uku kuwa ta kai wajen 400. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliamfiya 260, amma RCD, na'urar kariya da ke datse wuta idan ta kama mutum, a kan miliamfiya 30 kacal ake saita ta, saboda abin da ya haura haka idan ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Ku duba ƙanƙantar abin da ke kashe mutum.

Filayar da aka yi don aiki kusa da wuta tana da ƙa'idarta ta duniya, IEC 60900. Kowace ɗaya sai an gwada ta da bolt 10,000 a masana'anta kafin a yarda a rubuta mata 1000V. A jikin mariƙin za ka ga alama mai kusurwa uku guda biyu a haɗe, da lambar ƙa'idar, da sunan kamfani, da shekarar da aka ƙera ta. Mariƙin mai kauri ne, ba ya juyawa, kuma yana da tudu a gaba da ke tare yatsa kada ya zame ya taɓa ƙarfe. Masu jabu sun iya kwaikwayon launi, har alamar VDE, cibiyar gwada kayan lantarki ta Jamus, suna bugawa, don haka ganin tambari kaɗai bai isa hujja ba. Abin da zai nuna maka gaskiya shi ne wurin wa ka saya, da yadda kayan suka yi a hannunka. Knipex a garin Wuppertal na Jamus yake tun 1882, Klein kuwa a Amurka ya faro tun 1857. Kamfanonin da suka kai wannan shekaru suna tsaron sunansu ba za su sayar da kayansu a kuɗin katin waya ba. Shi kansa Klein yana gargaɗi cewa filayoyinsa na yau da kullum masu mariƙin roba ba don kariya daga wuta aka yi su ba, don daɗin riƙo ne kawai.

Ga ra'ayina, kuma na tsaya a kansa: ɗalibin shekarar farko ba ya buƙatar filayar aiki da wuta a layi, domin bai kamata ya taɓa layi mai wuta ba ko kaɗan. Abin da yake buƙata filaya ce mai ƙarfe nagari, inci 8 ta wadatar, wadda mai shago zai gaya masa gaskiyar abin da take. Ka je da maigidanka ko wani yayanka a sana'a, ko Kasuwar Shehu Shagari ko shagon da aka sani aka san mai shi. Ka rufe filayar ka ɗaga ta sama wajen haske. Idan haske yana ratsa tsakanin bakin yankan, ajiye ta. Ka girgiza mahaɗin, kada ya yi kwaram-kwaram, kada kuma ya yi taurin da sai da hannu biyu za ka buɗe. Ka zo da guntun wayarka a aljihu, ka yanka a gaban mai kaya, ka karɓi rasit. Wanda ya hana ka gwadawa ya san abin da yake ɓoyewa. Idan hannunka ya faɗa, ka tara kuɗi, sai ka sayi mai kariya ta gaske daga dillalin da ke da adireshi.

Ko ta gasken ce a hannunka, ka sauke wuta daga babban makunni, ka gwada da testa, sannan ka sa hannu. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Kaduna Electric ba ta yin sallama kafin ta dawo da ita, ga janareto na maƙwabci da zai iya maido wuta cikin layi idan an haɗa shi ba daidai ba, ga sola da ta cika gari, wadda farantanta ke ba da wuta muddin rana na sama. Manyan layukan 11kV da 33kV, wato masu bolt 11,000 da 33,000, kuwa babu filayar 1000V da ke da abin cewa a wurin.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirarsu da shaidar turawa kafin a goge, ya garzaya bankinsa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma shigar da koke a hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Jabun kaya kuma hurumin hukumar SON mai kula da ingancin kaya ne. Ku da ke shugabantar zaurukan ɗalibai, ku cire duk lambar da ba ku san mai ita ba tana talla. Wanda kuma filayar ta riga ta shigo hannunsa, ya yanke robar nan ja da rawaya ya yar, kada wani yaro a shago ya ɗauka ya zaci mai kariya ce.